Yadda za a shirya bikin ranar ƙasar Ayilan a Kaduna

Ranar 17 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ƙasa ta Ayilan, wadda aka fi sani da Ranar Waliyyi Patrick. Ƙasar ƙarama ce a yammacin Turai, domin ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan 5, wato ba su kai yawan mutanen Jihar Kaduna ba, amma da wuya a sami wata ƙasa da ake raya ranarta a birane masu yawa na duniya kamar yadda ake raya tata. Wannan bayani an yi shi ne domin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da shugabannin makarantu, da majami'u, da kuma 'yan Najeriya da suka yi karatu ko aiki a can suka dawo gida, waɗanda ke son su shirya wannan biki a nan Kaduna. A ganina bikin da zai yi armashi a garinmu shi ne wanda aka ɗora a kan dangantakar da ke tsakanin Kaduna da Ayilan tun shekaru aru-aru, aka kuma tsara shi yadda Musulmi da Kirista za su zauna a rumfa ɗaya ba tare da wani ya ji an taka masa addini ba.

Kafin a kafa kwamiti ko a nemi ɗakin taro, wajibi ne masu shirin su san wanda ake tunawa da shi. Patrick ba haifaffen Ayilan ba ne. An haife shi a Birtaniya a ƙarshen zamanin mulkin Rumawa, kuma yana da kimanin shekara 16 mahara suka kama shi suka tsallaka teku da shi zuwa Ayilan, inda ya yi shekara 6 a cikin bauta yana kiwon dabbobi. Ya tsere ya koma gida, ya yi karatun addini, sannan ya sake komawa ƙasar da aka bautar da shi a matsayin bishop, cikin ƙarni na 5. Wannan ya fito ne daga rubutun da shi da kansa ya bari, har da wata wasiƙa da ya yi tir da wani shugaban mayaƙa saboda kama mabiyansa da sayar da su bayi. Sauran labaran da ake bayarwa, kamar cewa ya kori macizai daga tsibirin Ayilan, ko ya yi amfani da ɗan ganyen nan mai kunne uku da ake kira shamrock wajen bayyana aƙidar Triniti, an fara ba da su ne ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa. Duk wanda zai yi jawabi a taron ya kamata ya bambanta wa jama'a tsakanin tarihi da hikaya.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne dalilin da ya sa bikin ya fi ƙarfi a waje. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan Ayilan, aka shiga yunwa mai tsanani wadda ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu fiye da miliyan 1 kuma suka yi hijira zuwa Amurka da Kanada da Ingila da Ostireliya. Ƙaurar ba ta tsaya ba bayan yunwar ta wuce, shi ya sa a yau fiye da mutum miliyan 30 a Amurka kaɗai ke danganta asalinsu da Ayilan. 'Yan ci-rani ne suka mayar da ranar ta zama ta fareti: an yi taron farko a Boston a 1737, faretin New York kuma ya samo asali tun 1762, alhali a Ayilan ɗin kanta ranar ba ta zama hutun gwamnati ba sai a 1903. Saboda haka wanda ya yi bikin a Kaduna bai ƙirƙiro sabon abu ba, ya bi hanyar da bikin ya saba bi ne tun farko.

A nan ne kuma aikin diflomasiyya ya shigo. A 1952 jakadan Ayilan a Amurka, John Hearne, ya aika wa Shugaba Truman ɗan akwatin ganyen shamrock. Daga wannan ƙaramar kyauta al'ada ta ginu, har ta kai ga cewa tun shekarun 1990 Firaministan Ayilan, wanda suke kira Taoiseach, yakan je fadar White House kowane watan Maris ya miƙa wa shugaban Amurka kwanon shamrock, su kuma zauna su tattauna. Ƙasashe da yawa da suka ninka Ayilan girma da arziki ba su da irin wannan tabbataccen lokaci na ganawa da shugaban Amurka duk shekara. A makon bikin ministocin gwamnatin Ayilan sukan watsu zuwa ƙasashe masu yawa, su gana da 'yan ƙasarsu mazauna waje, da 'yan kasuwa, da jami'o'i, da hukumomi, domin sun yarda da abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa zumunta a ƙafa take. Daga 2010 hukumar yawon buɗe ido ta tsibirin ta ƙara da shirin haska manyan gine-ginen duniya da koren fitila, inda aka fara da shahararren gidan wasan nan na birnin Sydney.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga ado. A shekarun da ake neman kawo ƙarshen rikicin Arewacin Ayilan (yankin tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya), wanda ya ci rayukan fiye da mutum 3,500, tarukan Maris na Washington sun zama wurin da shugabannin ɓangarorin da ba sa ga-maciji ke haɗuwa a ɗaki ɗaya, musamman a zamanin Shugaba Clinton. Tattaunawar da tsohon Sanatan Amurka George Mitchell ya jagoranta ita ta kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu, 1998. A 2024 ma Firaminista Leo Varadkar ya yi amfani da ziyarar wajen kiran a tsagaita wuta a Gaza, kuma a watan Mayun shekarar Ayilan ta amince da ƙasar Falasɗinu tare da Sifen da Norway. Ga mutanen Kaduna, waɗanda suka san ɗacin rikicin addini da ƙabilanci kuma suka san wahalar da ke cikin sulhu, wannan ɓangaren shi ne ya fi cancantar a ba shi lokaci a wurin taro.

Dangantakar da ke tsakaninmu da su

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan biki. Firaminista Seán Lemass ya halarci bikin samun 'yancin kanmu a Legas a watan Oktoban 1960, kuma a lokacin ne Ayilan ta buɗe ofishin jakadancinta a nan, wanda daga baya ya koma Abuja. A 1961 aka ayyana Patrick a matsayin waliyyin da Cocin Katolika na Najeriya ke jingina ƙasar gare shi. Shi kansa John Hearne, bayan ya yi ritaya, ya zo Najeriya ya yi aikin ba da shawara a kan tsara dokoki. Ƙungiyar mishan ta Waliyyi Patrick, wadda aka kafa ranar 17 ga Maris, 1932, ta samo asali ne daga limaman da suka yi aiki a kudancin Najeriya, ƙungiyar agaji ta Concern kuma an kafa ta ne a 1968 saboda yunwar da yaƙin basasarmu ya haddasa.

A Kaduna shaidar tana nan tsaye da tubali da siminti. Babban bishop na farko na Kaduna, John McCarthy, mutumin Ayilan ne daga ƙungiyar mishan ta SMA, ya riƙe muƙamin daga 1959 har zuwa 1975, lokacin da Peter Jatau ya gaje shi. Kwalejin Rimi ta yau ita ce tsohuwar St John's College da aka kafa a 1949, Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri kuma ita ce tsohuwar Queen of Apostles College, kafin gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970 ta sauya musu suna. Asibitin St Gerard's na Kakuri da asibitin St Louis na Zonkwa duk aikin mishan ne da sistocin Ayilan suka yi hidima a ciki. Har yanzu akwai dattawa a Barnawa da Unguwar Rimi da Kafanchan, Musulmi da Kirista, da za su faɗi sunan fadan da ya koya musu lissafi ko sistar da ta koya musu aikin jinya. Su ne jarin wannan biki, kuma su ya kamata a fara nema. Ya dace kuma a faɗi gaskiya cewa tarihin makarantun mishan a Arewa yana da wuraren da ra'ayoyi suka sha bamban, don haka a bar dattawan su faɗi abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi.

Matakan shiri

A fara da kwamiti ƙarami tun watan Disamba ko farkon Janairu, a tabbatar akwai Musulmi da Kirista a ciki, maza da mata, da mazauna arewacin kogi da na kudancinsa. Wannan ba neman suna ba ne. Mutumin da ke Tudun Wada ya san abin da zai hana maƙwabtansa zuwa, wanda ke Sabon Tasha ma haka, kuma gara a ji waɗannan abubuwa a teburin kwamiti da a gan su a kujerun da ba kowa a kai.

Daga nan a duba kalanda da kyau. Ranar 17 ga Maris kullum tana faɗowa ne cikin azumin kwana arba'in na Kirista, kuma idan ta faɗo a makon da ke gaban Ista cocin yakan matsar da sujadarta, kamar yadda aka yi a 2008. A 2024 da 2025 da 2026 ta faɗo cikin Ramadan, wadda ta 2026 ma a goman ƙarshe. A irin wannan shekara hanya mafi kyau ita ce a fara jawabai bayan la'asar, a kammala kafin magariba, a ware wurin alwala da salla, sannan a ci abinci tare bayan an sha ruwa, a sallami mutane da wuri domin masu zuwa tarawihi. Ko ba azumi, Maris watan zafi ne a Kaduna, don haka taron tsakar rana a fili ba zai yi wa dattawa da yara daɗi ba. Idan ranar ta faɗo tsakiyar mako, babu laifi a mayar da taron Asabar mafi kusa, domin haka birane da yawa ke yi a waje.

Mataki mafi muhimmanci shi ne a raba ibada da taron jama'a. Katolika su yi sujadarsu ta Misa da safe a cocinsu, domin a wurinsu ranar ibada ce kafin ta zama komai. Taron ƙasa da al'adu kuma a yi shi da yamma a wurin da ba na ibada ba, kamar ɗakin taron makaranta ko zauren Gidan Arewa, kuma a rubuta wannan bambanci ƙarara a katin gayyata, yadda kowa zai san abin da aka kira shi ya halarta. Gwamnatin Ayilan kanta haka take yi a liyafofin ofisoshin jakadancinta, inda ake gayyatar mutane na kowane addini a matsayin ranar ƙasa. Yana da kyau mai gabatar da taro ya ambaci cewa Ayilan ta yau tana da Musulmi fiye da 80,000 bisa ƙidayar 2022, da babbar cibiyar Musulunci a Dublin tun 1996, kuma cewa a lokacin yunwar nan Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika da gudummawar fam 1,000 a 1847. A sanar da 'yan sanda da mai unguwa tun da wuri, a kuma tanadi janareta.

Sai wasiƙa zuwa ofishin jakadancin Ayilan da ke Abuja. A rubuta ta a kan takardar ƙungiya, a buɗe da "Mai Girma Jakada", a aika aƙalla wata biyu kafin ranar, domin makon 17 ga Maris shi ne mako mafi cunkoso a shekarar kowane jakadan Ayilan. Wasiƙar ta zama gajera: su wane ne ku, mene ne haɗinku da Ayilan, yaushe kuma a ina za a yi taron, mutum nawa ake sa ran zuwansu. A nemi jakada ya halarta, ko ya turo wakili, ko ya aiko da saƙon da za a karanta. Ina ba da shawara da babbar murya cewa kada a cusa roƙon kuɗi ko maganar biza a wasiƙar farko, domin hakan yana rage wa gayyatar daraja, alhali abin da ake nema shi ne dangantaka mai ɗorewa. Idan an sami tabbacin zuwan jami'i, a tambayi ofishin yadda suke son a tsara taken ƙasashen biyu da wurin zama, a kuma sanar da ofishin da ke kula da manyan baƙi na gwamnatin jiha.

Batun tuta yana buƙatar ido sosai. Tutar Ayilan launi uku ce a tsaye: kore a jikin sanda, fari a tsakiya, ruwan lemo a waje. Idan aka juya ta, ruwan lemo ya koma jikin sanda, ta zama tutar Kodebuwa. Saboda haka wanda zai kai wa tela ɗinkin ya tafi da hoto, ya nuna masa gefen da za a yi wa aljihun sanda, kuma a ɗaga ta a duba kafin ranar. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta. Ma'anarta ma ta isa jawabi guda: kore na wakiltar al'ummar asali waɗanda yawancinsu Katolika ne, ruwan lemo na wakiltar 'yan Furotesta, farin kuma zaman lafiya ne a tsakaninsu, kuma da wannan niyya aka fara ɗaga ta a birnin Waterford a 1848. A kafa ta tare da tutar Najeriya, girmansu ɗaya, ta Najeriya a wurin girmamawa tunda a ƙasarmu ake. Kada a sa tutar Birtaniya, kada kuma mai jawabi ya kira baƙin mutanen Ingila, domin Ayilan ta yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin mulkin Ingila kafin ta sami 'yanci a 1922, kuma suna ɗaukar wannan bambanci da muhimmanci. Ganyen shamrock kunne uku gare shi, mai kunne huɗu wani abu ne daban. Koren tufafi ba zai yi wa kowa wuya a nan ba, hula ko gyale ko ɗankwali ya wadatar. Rina kogi kore, kamar yadda ake yi a Chicago tun 1962, aiki ne da ake yi da izinin hukuma, kuma bai dace a gwada shi a Kogin Kaduna da mutane ke sha suke kamun kifi a ciki ba.

Abinci shi ne ɓangare mafi sauƙi, domin duk kayan haɗinsa suna kasuwar Bakin Dogo. Shahararren farfesun Ayilan naman rago ne da dankalin Turawa da albasa da karas, a dafa a wuta kaɗan-kaɗan kimanin awa biyu har dankalin ya fara narkewa ya ɗaure romon. Ba sa sa yaji, don haka a ajiye dakakken yaji a gefe ga mai so. Akwai kuma dankalin da ake dafawa a murƙushe da man shanu da madara, a gauraya da dafaffen kabeji. Burodinsu na gida ba ya buƙatar yis: a haɗa fulawa giram 450 da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda da ɗaya na gishiri, a zuba nono mai tsami kimanin kofi ɗaya da rabi, a haɗa da hannu ba tare da an murza da yawa ba, a mulmula shi, a tsaga samansa gida huɗu da wuƙa, a gasa kimanin minti 40 a tanda mai zafi. Idan aka ƙwanƙwasa ƙasansa aka ji yana amo kamar ba komai a ciki, ya gasu. A haɗa da shayi da madara, wanda mutanen Ayilan na cikin waɗanda suka fi kowa shan sa a duniya. Abincinsu da ake yi da naman alade a bar shi.

Game da giya, gaskiya ne cewa a ƙasashe da yawa an haɗa wannan rana da shaye-shaye, kuma kamfanin Guinness ya kafa masana'antarsa a Ikeja tun farkon shekarun 1960. Amma taron da ake son limami da fada da shugabar makaranta da ɗalibai su halarta, a yi shi babu giya ko kaɗan, a kuma faɗi haka a katin gayyata. A Ayilan ma akwai shekaru da dama a ƙarni na 20 da doka ta hana buɗe mashaya a wannan rana, don haka babu wanda zai ce an rage wa bikin asalinsa.

Shirin taron kansa kada ya wuce awa biyu. Jawabi ɗaya na tarihi ya isa, na minti goma sha biyar, daga malamin da ya san fannin. Mafi yawan lokacin a ba dattawa uku ko huɗu da suka yi karatu ko aiki tare da mutanen Ayilan, mai gabatarwa ya riƙa yi musu tambaya cikin ladabi, "Baba, wane darasi ne ya fi zauna maka?", "Mama, yaya aka yi kika shiga aikin jinya?", a bar su su amsa da Hausa ko Turanci, duk wanda ya fi musu sauƙi. Kiɗan gargajiyar Ayilan ya dogara ne a kan goge irin nasu da sarewa da ƙaramin ganga mai fuska ɗaya, don haka za a iya sa faifansu, sannan a gayyaci mai goge ko mai sarewa na gida ya amsa. Ga matasa kuma a kawo labarin 'yan asalin Najeriya da suka yi fice a can, kamar Rotimi Adebari, wanda a 2007 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin magajin gari a Ayilan, a garin Portlaoise, da 'yar tseren nan Rhasidat Adeleke da ke wakiltar ƙasar a gasannin duniya.

Aikin bai ƙare da tashin taro ba. Cikin mako guda a aika wa ofishin jakadanci wasiƙar godiya tare da hotuna da taƙaitaccen rahoto na shafi ɗaya. Hirar dattawan a ɗauke ta da waya mai kyau, da izininsu, a rubuta ta a takarda, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na makarantar da abin ya shafa, domin yawancin waɗanda suka zauna a ajin waɗannan malamai sun haura shekara saba'in. Idan kuɗin gudummawa ya yi saura, kwamiti ya bayyana lissafinsa a fili, sannan a zaɓi aiki ɗaya da za a iya kammalawa kafin Maris mai zuwa, ko gyaran aji ɗaya, ko biyan kuɗin jarrabawar wasu ɗalibai, ko sayen gadaje ga ɗakin haihuwa, a kuma sa rahoton wannan aiki a cikin wasiƙar gayyatar shekara mai zuwa.